Ja Ne Ko Kore, Kyaftin?

Masu karatu, in kun taɓa jin labarin budurwar da uwarta ta kama tana barbaɗa gishiri a kan wutar gas da sanyin safiya, to ni ce. A kicin Umma ta same ni, ɗankwali a karkace, waya a hannun hagu ina ɗaukar hoto, hannun dama kuma ina watsa gishirin kaɗan-kaɗan. Duk sanda ƙwayar ta faɗa, sai shuɗin wutar ya rikiɗe ya koma rawaya, ya yi tsalle, ya sake lafawa.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ta ce da ma abin da aka kai ni jami'a na koyo ke nan, ɓarnar gishiri. Na ce mata aiki nake yi. Ta ce in wannan ne aiki, to ita ma ta daɗe da zama ƙwararriya ba ta sani ba.

Bari in warware muku. Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke kira na, har a wurin aiki. Kimiyyar sinadarai na karanta. Umma ta so in shiga kamfanin magani in riƙa sa farar riga, ni kuwa sai na faɗa wani ƙaramin kamfani mai ƙera gem na kwamfuta. Wanda muke haɗawa yanzu na yaƙi ne a sararin samaniya, kumbo na bin kumbo cikin duhu ana ɓarin wuta. A irin wannan duhun mai wasa ba zai ga harsashi ba sai in harsashin na jan zaren haske a bayansa. Sojoji na gaske ma suna da irinsa, ana cusa masa wani sinadari a gindi, yana tafe yana ci da wuta. Mu a ofis mai wutsiya muke ce masa.

Manajarmu mace ce mai tsananin son gaskiyar abu. Ta ce ba ta yarda a zaɓi launi don ya yi wa wani kyau ba, kowane launi sai ya fito daga sinadarin da ke ba da shi in an ƙona. Wannan ne aikina. Sitirontiyam na ba da ja, bariyam kore, jan ƙarfe shuɗi, sodiyam ɗin da ke cikin gishirin Umma kuma rawaya. Ban wahalar da kaina ba, na ba abokan gaba ja, na ba namu kore. Kowa ya san ja haɗari ne. Rawayan ina ajiye shi ne don wasu ƙananan bindigogi.

Amma ba maganar gishiri ce ta kawo Umma kicin ba. Tana ɗora ruwan shayi ta ce Lauya zai zo da yamma, in dawo da wuri, in kuma sa doguwar rigar nan mai ruwan zuma, kar in fito masa kamar wadda aka koro daga gona. Lauya ɗan aminiyarta ne. Wallahi ba ni da abin da zan ce a kansa, mutum ne mai kunya da iya magana, takalminsa kullum kamar madubi. Zuciyata ce kawai ba ta wajensa, Umma kuma ta san inda take.

Tana wajen Kyaftin. Tun yana firamare aka laƙa masa sunan, saboda ko jirgi ya gifta a sama sai ya bar abin da yake yi ya bi shi da ido har ya ɓace. Yanzu a ofishin sayar da tikitin jirgi yake aiki, yana kallon jiragen da wasu ke tuƙawa. Ya ci jarrabawar shiga makarantar tuƙin jirgi, abin da ya rage gwajin lafiya ne mako mai zuwa. Babanmu, wanda bai taɓa ɗora sunansa a kan abin da bai gani da idonsa ba, ko yayyena bai taɓa yi musu hanya a wani wuri ba, shi da kansa ya ɗauki waya ya kira wani tsohon abokinsa da ke koyarwa a can, ya ce ya tsaya wa yaron. Ya kuma ce da zarar sakamako ya fito zai saurari maganar aurenmu.

Umma kuwa cewa take ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ranar ma sai da ta maimaita, tana miƙo mini kofi ba tare da ta kalle ni ba.

Na shirya cikin riga da siket masu ruwan toka, na yafa koren mayafina, na fita ban ko gama shayin ba.

Ofishinmu a saman wani bene yake, ƙasanmu masu ɗab'in takardu ne, injinsu na girgiza mana tebur duk yini. Na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga a cikin bokitin da Dogo, mai rubuta mana umarnin kwamfuta, yake zubarwa yana mita. Ranar ce muka ware don gwaji, wato a kira mutanen waje su buga gem ɗin mu ga inda yake tuntuɓe kafin a nuna wa manyan baƙi. Ni ce na ce a gayyaci Kyaftin. Na san babu wanda ya kai shi iya gem na tuƙi, kuma in faɗa muku gaskiya, so nake a gan shi a yaba.

Lokacin hutun rana ya shigo, farar rigarsa ta sha guga, katin aiki na lilo a wuyansa. Ya gaida Manaja da ladabi, ya tafa da Dogo, ni kuma ya yi mini irin kallon nan na gefen ido da ke sa in rasa inda na ajiye biro. Aka zaunar da shi gaban babban allo, aka miƙa masa hannun gem. Dogo ya ɗauki na biyu, shi ne abokin tafiyarsa, kumbonsa na gefen na Kyaftin.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ya ratsa ta tsakanin duwatsun da ke yawo a sararin kamar kifi a ruwa, Manaja har tana gyaɗa kai. Sai abokan gaba suka fito, allon ya cika da zaruruwan wuta, ja na ƙetare kore, kore na ƙetare ja. A nan na ga abin da ban gane ba. Kyaftin ya kauce wa koren harsashi, wanda namu ne, ba shi aka harba wa ba, ya faɗa da ƙirji cikin ja. Ya farfaɗo, ya bi wani zaren kore har inda ya fito, ya buɗe wa kumbon Dogo wuta ya tarwatsa shi.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Dogo ya ɗaga hannu sama yana tambayar me ya ci masa. Kyaftin ma ya yi dariya, ya ce hannun gem ɗin ne ke zamewa. Aka canza masa wani, aka sake farawa. Bai yi nisa ba ya sake kashe Dogo.

Kowa allo yake kallo, ni kuwa shi nake kallo. Ya sunkuyo gaba ya ƙanƙance ido, gumi ya jiƙa masa bayan wuya duk da sanyin ɗakin. Na lura ya daina bin zaren wutar, siffar kumbon yake ƙoƙarin ganewa kafin ya harba, wannan ne ya sa yake makara. Manaja ta daina murmushi. A wurinta, in gwani irin wannan ya rikice, to aikinmu ne ke da matsala, aikin launi kuma nawa ne. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

Na zame na koma teburina. Wani abu ne ya faɗo mini. Akwai ranar da ya ce jan mayafin nan ya yi mini kyau, alhali wannan koren ne a kaina, na ɗauka zolaya ce har na kai masa duka da jaka. Akwai kuma ranar da ya rako ni kasuwa na ce ya zaɓo tumatir, ya cika leda, rabinta ɗanye, mai tumatir na ta dariya.

Ban faɗa wa kowa ba, na buɗe wurin da nake sarrafa launukan. Na cire bariyam na sa jan ƙarfe, namu ya koma shuɗi. Na cire sitirontiyam na sa sodiyam, na abokan gaba ya koma rawaya. Na ce a sake gwadawa.

Kamar an canza mutum. Kafaɗunsa suka sauka, ya jingina da kujera, ya riƙa ɗauke abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzane bai yi wa Dogo ba. Aka fara tafi. Da na tsaya a nan da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma zuciya ba ta da ƙashi, so nake in tabbatar, ko kuma in ce so nake a ƙaryata ni. Ana tsakiyar yaƙin na mayar da ja da kore.

Bai daɗe ba kumbon Dogo ya sake tashi da wuta. Wannan karon Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ajiye hannun gem ɗin a hankali, ya waiwayo, ya tsallake kowa da ido ya dire a kaina. Na san ya gane abin da na yi, shi ma ya san na gane.

Ya yi wa Manaja godiya, ya ce lokacin komawa aiki ya yi. Na bi shi. A kan matakala na cim masa, inda ƙarar injin masu ɗab'i ke rufe maganar mutum, ga warin tawada.

«Tun yaushe?» na ce.

Ya ce tun yana ƙaramar sakandare, ranar da malami ya ce su faɗi launin da ruwan kwalba ya koma, shi kuma bai ga ya koma komai ba, sai ya leƙa amsar maƙwabcinsa. Ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Ya ce ba makaho ba ne, yana gani sarai, ja da kore ne kawai suke zame masa 'yan uwan juna, fitilar kan titi ma ta wurin zamanta yake gane ta, ta sama tsaya, ta ƙasa wuce, kuma bai taɓa buge ko akuya ba.

Na tambaye shi gwajin mako mai zuwa fa. Sai ya matso, ya rage murya. Ya ce akwai wani littafi da likitoci ke nunawa, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, an ɓoye lamba a ciki. Ya samu hotunan shafukan. Abin da yake nema kawai wanda zai karanta masa lambobin, shi kuma ya haddace su da tsarin ɗigon kowane shafi.

«Ni ɗige-ɗige kawai nake gani, Auta. Ke za ki gani. Da ma ke na yi niyyar roƙa, kunya ce ta hana ni.»

Na ce masa shi da bakinsa ya koya mini cewa fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kuwa kore, da su matuƙi ke sanin jirgin da ke gabansa tahowa yake ko tafiya. Na ce yau Dogo ya harbe, Dogo ya tashi yana dariya, gobe kuma mutane ne za su zauna a bayansa da 'ya'yansu a cinya. Ya ce yanzu na'urori ke yin komai. Na ce to me ya sa ake gwajin. Idonsa ya kaɗa.

«Tun ban san kaina ba wannan nake so. In na faɗi gwajin nan, Umma ta samu abin da take nema. Kin fi ni sani.»

Wannan maganar ce ta soke ni, don gaskiya ce. Ya gyara katin wuyansa ya sauka, bai ko waiwayo ba.

Da na koma ciki Manaja na tsaye a bakin teburina, tana son jin waɗanne launuka za a bari. Na ce shuɗi da rawaya, jan ƙarfe da sodiyam. Na ce akwai mutane da yawa, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore, bai kamata mu ƙera gem ɗin da zai sa su riƙa kashe abokansu ba, kuskurena ne da ban yi tunanin haka tun farko ba. Dogo ya ce shi dai ko wane launi ne a daina harbinsa. Manaja ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙofar da Kyaftin ya fita, ta dube ni, ta ce a bar shi a haka, in kuma tashi da wuri tunda fuskata ta nuna ba ni da lafiya.

Ina cikin tasi wayata ta fara kuka. Hoto ne daga Kyaftin, sai wani, sai wani, suna shigowa a jere ba ko gaisuwa. Na buɗe na farko. Da'ira ce mai ɗige-ɗige kore, a tsakiyarta ga lamba ja ɓaro-ɓaro, ko yaro zai karanta. Ƙasan hotunan ya rubuto: «Don Allah. Sau ɗaya ne a rayuwa.»

Ba zan yi muku ƙarya ba, masu karatu, na rubuta lambar farko. Babban yatsana na kan wurin turawa. Na tuna yadda yake tsayawa a bakin titi ya ɗaga kai in jirgi ya wuce, na tuna zaman da zan yi da Lauya ina murmushin dole har ƙarshen rayuwata. Abu ne na ɗan lokaci, in karanta, ya haddace, shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani. Sai mai tasi ya taka birki a gaban jar fitila, wata mata ta tsallaka da goyo tana jan wani yaron da hannu. Na goge lambar.

Na rubuta masa: «Ba zan karanta maka ko ɗaya ba. Ba kuma zan faɗa wa kowa ba, sirrinka ne. Amma sunan Baba na kan maganar nan. In ka shiga gwajin da hadda, kar ka ƙara kira na.»

Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Har na iso gida ba abin da ya shigo.

Motar Lauya na ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli. Umma ta tare ni a tsakar gida ta tura ni ɗaki, rigar mai ruwan zuma na shimfiɗe a kan gado an goge ta, har da ɗan kunnen da zan sa ta fitar. Na sa, na shafa hoda a kan fuskar da ba tawa ba, na fito falo. Lauya ya miƙe ya gaishe ni, ga kwalin turare a kan tebur. Yana ba ni labarin wata shari'a mai ban dariya, ina cewa uhm, wayata na cikin tafin hannuna tana jiƙewa da gumi. Umma na shiga tana fita da faranti, bakinta har kunne.

Ana haka Baba ya kira ni daga ƙaramin ɗakinsa da ke jikin falon, inda yake karatu. Na same shi a kujerarsa ta katako, rana ta yi sanyi tana shigowa ta taga, fuskarsa a sake yadda ban saba gani ba. Ya ce abokinsa ya kira ɗazu, ya ce a duk waɗanda suka rubuta jarrabawar babu wanda ya kamo Kyaftin. Shi kuma ya ce masa ai ya gaya masa, yaron nan cikinsa da wajensa ɗaya ne.

«Na ba da shaida a kansa, Auta. Ke kin fi ni saninsa. Akwai abin da ya kamata in sani?»

Na yi wa Kyaftin alkawarin ba zan faɗa ba. Baba kuma bai taɓa tambayata abu na ɓoye masa ba, shi ne ma ya tsaya mini ranar da Umma ta ce aikin gem aikin 'yan zaman banza ne. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi, ina jin idonsa a kaina, sakin fuskar nan na raguwa.

Sai aka yi sallama a tsakar gida. Muryar ko a mafarki na san ta.

Ya shigo falo da rigar aikin nan, ta yamutse, ba katin a wuyansa. Ya gaida Umma, ta amsa a ciki-ciki tana riƙe da faranti. Ya miƙa wa Lauya hannu suka gaisa kamar ba komai. Sannan ya ƙaraso bakin ɗakin Baba ya durƙusa, ko inda nake bai kalla ba.

«Baba, na zo ne in roƙe ka ka kira abokinka, ka ce a cire sunana.»

Baba ya tambaye shi dalili. Ya faɗa, tiryan-tiryan, bai tsaya ba: ba ya bambance ja da kore, ya daɗe da sani, ya ɓoye wa kowa. Na ji ƙarar farantin da Umma ta dire a kan tebur. Lauya ya mayar da idonsa kan takalminsa.

Baba bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya dubi Kyaftin, ya yi tambayar da nake addu'ar kar ya yi.

«Tunda ka daɗe da sani, da yaya ka yi niyyar wuce gwajin?»

A nan ne Kyaftin ya ɗago ya dube ni. Da ya ce bai yi tunani ba, ko ya ce sa'a yake nema, da ba zan tona shi ba, ya kuma san haka. Ya mayar da idonsa kan Baba.

«Haddacewa na yi niyyar yi. Na roƙi Auta ta karanta mini amsoshin, ta ƙi.»

Umma ta ja wani dogon numfashi, na san maganar da ke bakinta, na san kuma yau tana da gaskiyar faɗinta. Amma Baba ya ɗaga mata hannu kafin ta fara. Ya cire tabarau ya ninke ya ajiye a kan littafinsa. Ya ce ta ba Lauya haƙuri, yau ba ranar hira ba ce.

Sannan ya dubi Kyaftin da ke durƙushe, ya dube ni, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

«Shigo ciki ka zauna, maganarmu ba ta ƙare ba. Ke kuma, Auta, rufe mana ƙofar.»